Kalilu Lauyan Awaki

Ga wani labari nan, wanda ya ji bai yi dariya ba to haƙori ke masa ciwo.

A zamanin da Turawa ba su daɗe da kafa tutarsu a Lakwaja ba, an yi wani mutum a Lafiyar Barebari ana ce masa Kalilu. Gidansu gidan rini ne tun kaka da kakanni, wansa Mahmuda shi ke riƙe da marina. Shi kuwa Kalilu, Allah ya ba shi baki, ya hana shi hannu. In ka ba shi farin zane ya tsoma a karofi, sai ya miƙo maka abu dabbare-dabbare kamar bayan zabuwa, ya kuma tsaya yana yi maka bayanin cewa yayin Kano ke nan.

Wata shekara da rani ya bi ayari zuwa Loko, daga can ya faɗa jirgin ruwa sai Lakwaja. A can ya leƙa tagar kotun Bature, ya ga wani baƙin mutum ɗan Ikko sanye da baƙar riga, da farar hular gashi a ka, yana ta zuba magana, Bature na gyaɗa kai. Kalilu ya tambaya, aka ce lauya ne, sana'arsa ke nan, ya yi magana a madadin mutane. Aka ƙara masa da cewa su lauyoyi kamar 'yan kasuwa suke, kowa da rumfarsa, wani gado ya iya, wani rigimar fili, ba a haɗawa.

Kalilu ya riƙe haɓa ya ce, "Ashe ni an cuce ni. Abin da nake yi kyauta tun ina yaro."

Ko gida bai shiga ba da ya dawo, sai marina. Ya tsaya bakin karofi ya ɗaga murya yadda masu bugu ma za su ji.

"Yaya, na sami sana'a. Daga yau in kun sake ganin hannuna cikin baba, ku kira ni da sunan da kuka ga dama."

Mahmuda bai daina juya muciya ba. Ya ce, "Wace sana'a ce?"

"Lauya."

"Ana cin ta da miya?"

"Ana cin shari'a da ita."

Mahmuda ya ce, "To madalla. Na ba ka zauren gida ka yi lauyarka. Amma in aka yanke dawa ba ka ci shari'a ko ɗaya a gaban alƙali ba, ga muciyarka can jingine, ba wanda ya taɓa ta. Jama'a kun ji."

Marina suka ce sun ji.

Matarsa Zuwairatu ita ta sha aikin hula. Aka samo auduga, aka haɗa da gemun masara don ta yi lanƙwasa irin ta ɗan Ikko, aka dama ƙullun gero mai kauri aka shafe ta don ta tsaya. Da ya ɗora a ka, ya yafa tsohuwar baƙar rigar babansu, ya juyo ya ce, "Yaya kika gani?"

Ta ce, "Maigida, kamar rumbu ya yi naman kaza."

"Haka ɗan Ikko yake."

"To Allah ya ba matarsa haƙuri."

Saura zaɓen rumfa. Nan fa Kalilu ya zauna a zaure yana lissafi da yatsu, ya kasa tsayawa kan guda. Sai ga maƙwabcinsa Baballe wanzami, mutumin da in ya ga rami ba zai ce maka ga rami ba, sai dai ya nemi inuwa ya zauna kallo.

Baballe ya ce, "Lauya, ni in ni ne kai, gado zan kama. Mutuwa ba ta hutu. Ga Tsoho Ashafa can zazzaɓi ya kwantar da shi, rumbu kamar ƙasa, 'ya'ya kamar fara."

Kalilu ya ce ai shi ma abin da ke ransa ke nan.

Ya tarar da 'ya'yan Ashafa zaune jugum a tsakar gida. Ya yi sallama, ya gyara hula, ya ce ya zo ne ya rage musu wahala tun kafin rana ta ɓaci. Ya nuna babban rumbu ya ce na babban ɗa ne. Ya nuna jaki ya ce a raba shi tsakanin na biyu da na uku. Yana cikin duba haƙoran jakin sai asabarin ɗaki ya motsa. Ga Tsoho Ashafa, wanda ko kunu sai an ɗaga masa kai, tsaye da sanda.

"Wane ɗan gidan uban wane ke raba jakina ina numfashi?"

"Baba, ai tanadi ne."

"Tsaya in yi maka naka tanadin."

Aka zagaya rumbu, aka fita zaure, aka miƙe hanyar kasuwa, tsoho na biye. Kafin su kai bakin masallaci gumi ya karyo wa Ashafa, zazzaɓi ya sauka. Da yamma an gan shi yana cin tuwo malmala biyu. Gari ya ɗauka cewa Kalilu ba lauya ba ne, boka ne, har wata mata ta aiko a tambaya ko zai zo ya raba gadon mijinta mai ciwon baya.

Kalilu ya ce wa Baballe, "Gado ba shi da tabbas. Mutanen garin nan ba sa mutuwa a kan lokaci."

Baballe ya ce, "To kama aure. Ga Modu da Sailuba can, tun safe ake jin tukwane."

Kalilu ya isa gidan ana tsakiyar yi. Ya shiga tsakani ya ce shi ne wakilin Sailuba, ta koma gefe ta ga aiki. Ya dubi Modu ya soma: malalaci, mai barcin hantsi, wanda gonarsa ko kura ba ta shiga don kunya, ga hanci kamar an taka gauta.

Sailuba ta ce, "Wa kake zagi?"

"Mijinki mana."

"Mijin nawa? A gidansa? Hancin naka ne?"

Ludayi ya sauka a kafaɗar lauya. Nan take ya sauya rumfa, ya ce to shi wakilin Modu ne, kuma kowa ya san miyar Sailuba ko kare sai ya yi shawara kafin ya lasa. Modu ya ajiye abin da ke hannunsa ya naɗe hannun riga. Mata da miji suka raka shi har ƙofar gida, ɗaya da ludayi ɗaya da takalmi, suka koma ciki suna dariya. An ce tun daga ranar ba a sake jin kansu ba.

Rigimar iyakar gona kuwa ba ta ɗauki lokaci ba. Ya je Kwandere, ya tsaya tsakanin manoma biyu, ya caka sandarsa a ƙasa ya ce nan ne iyaka. Ashe gidan rina ya caka, suka taso masa da harbi, ya zura da gudu yana faɗuwa yana tashi. Manoman suka shirya a kan cewa inda lauya ya faɗi na farko, nan ne iyaka, kuma har yau ba a sake gardama ba.

Sai damina ta sauka, shuka ta fito. Sankira ya zaga gari ya yi shela kamar kowace shekara: kowa ya ɗaure dabbarsa a turke har a kwashe amfani. Wannan kuwa ita ce wahalar da kowane magidanci ya tsana, don akuyar da aka ɗaure sai an yanko mata ciyawa safe da yamma, ga noma na jira. Akwai kuma al'ada: in an kama dabba tana ɓarna, akan kai ta hannun wani amintacce a ɗaure har a yi shari'a, shi mai riƙon shi ke ciyar da ita.

Baballe yana da awaki, yana da lauje, ba shi da niyya. Ya shigo zaure ya sami Kalilu da kumburarren ido.

Ya ce, "Lauya, na yi tunani. Mutum sau ɗaya yake mutuwa. Aure yakan mutu jefi-jefi. Amma akuya kullum sai ta ci."

Kalilu ya buɗe idon da ke buɗuwa.

"Ɓarnar dabbobi," in ji Baballe. "Rumfar da ba kowa a ciki. Ko ɗan Ikko bai gano ta ba."

Kalilu ya miƙe tsaye. Ranar kasuwa ya hau kan turmi ya sanar da duniya cewa ya zaɓi fanninsa, kuma ga hukuncin da zai tsaya a kai har gaban Bature: dabba ba ta da hankali, saboda haka ba ta da laifi. Wanda igiya ke hannunsa, shi ne mai laifi. Ya faɗa, ya maimaita, ya sa yara suka amsa.

Washegari Baballe ya jawo akuyar Modu ya ce ta ci masa masara. Kalilu ya karɓa ya kafa turke. Ba a jima ba sai ga Modu da awakin Baballe, ya ce sun cinye masa gyaɗa. Kalilu ya karɓa, bai ko tambayi yadda zai tsaya wa mutum biyu masu ƙarar juna ba. Kowa ya ba shi goro ya tafi gona yana murmushi.

Magana ta bazu. Kafin a yi noman farko, zaure ya cika, an koma tsakar gida. Wani manomi ya taho tun daga Agyaragu da bunsuru mai wari kamar a toshe hanci da tsumma.

Ya ce, "Lauya, wannan akuya ya ci doya na."

"Na wane ne?"

"Na ɗan'uwa na. Shi ma yana zuwa da nawa."

Kaka Fatsuma, tsohuwar da ke bayan gidansu, ta jawo tata akuyar da kanta.

Kalilu ya ce, "Kaka, wa kike ƙara?"

"Ita."

"Ai taki ce."

"Yakuwar da ta ci ma tawa ce. Riƙe ta, ɗan nan, sai na huce."

Kalilu ya shiga cikin gida yana taku ɗai-ɗai ya ce wa Zuwairatu ta leƙo ta ga jama'arsa. Abin da ya fi burge shi, duk inda ya gifta awaki sai su miƙo wuya suna bin kansa da kallo.

Ya ce, "Kin gani? Dabba ma ta san mai ilimi."

Zuwairatu ta dubi hular da ke ƙamshin ƙullun gero, ta dubi awaki, ta ce, "Ta sani kam."

Da sassafe za ka ga lauya cikin baƙar riga, raɓa har gwiwa, yana yankan ciyawa a fadama. Da yamma ma haka. Bayansa ya sunkuya, tafinsa ya yi kanta. In ya tare Baballe ya ce yaushe za a je gaban alƙali, sai Baballe ya ce, "Haba Lauya, ana tsakiyar noma? Shari'a ba ta ruɓewa." Modu ya ce sai shaidunsa sun dawo daga Keffi. Kaka Fatsuma ta ce ba ta huce ba tukuna.

Zuwairatu ta ce, "Maigida, shi ɗan Ikkon ma da lauje ka gan shi?"

"Ke ba ki san sirrin aiki ba. Wannan kula da shaida ake ce masa."

Ta ƙyale shi, don ita ke tatsar shaidun kowace safiya, yaranta har sun yi kumatu.

Haka aka tafi har dawa ta fitar da kai ta soma ja. Wata rana Mahmuda ya zo wucewa, ya leƙo zaure, ya toshe hanci, ya ce, "Ƙanena, na sa an goge muciyar nan taka. Har mai aka shafa mata."

Kalilu ya tuna sharaɗin yankan dawa. Shari'a cike da gida, ba ko ɗaya da ta je gaban alƙali. Ya ce to tunda masu ƙara ba za su je ba, shi zai kai shaidu, dole iyayen gijinsu su biyo.

Ya sa Zuwairatu ta yi wa hula sabon shafe, ƙullu har yana ɗiga. Ya kwance awaki daga turaku ya haɗa igiyoyinsu a doguwar igiya guda. Da ya tuna cewa ɗan Ikko da hannu biyu yake bayani, sai ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, ya yi mata ƙulli uku.

Zuwairatu ta ce, "Da ka riƙe a hannu."

"Hannun lauya na magana ne."

Aka fito. Lauya a gaba, garke a baya, bunsurun Agyaragu na tsakiya yana rabon wari. 'Yan kasuwa suka bar rumfuna, marina suka bar karofi, Baballe ya bar mutum da rabin aski ya biyo. Kalilu na ɗaga wa jama'a hannu hagu da dama.

Dab da zauren alƙali akwai gonar Tsoho Ashafa, wake ya yi luf-luf a ƙarƙashin dawa, danga ce kawai ta kara ta raba shi da hanya. Awakin da suka yi damina guda suna cin abin da lauya ya ga dama, suka hango ɗanyen ganyen wake. Akuyar Kaka Fatsuma ce ta fara. Sauran suka bi. Kalilu ya ce "Kai, kai," ya turje, ya ce yana umartar su da sunan shari'a. Igiya ta miƙe, ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya bi ta cikin danga a kwance kamar buhun gishiri.

Suka ja shi kunya-kunya. In sun tsaya ci sai ya yunƙura, in ya yunƙura sai su ƙara gaba. Da ya samu ya zauna, bunsuru ya zo ta baya ya cafke hula. Wata ta kama gefe guda, wata ta kama ɗaya gefen. Kafin a ce kwabo, ilimin Lakwaja ya shige cikin awaki, sai ɗan gemun masara da ya rage yana lilo a kunnensa.

Alƙali da kansa ya fito jin hayaniya. Ga kuma Tsoho Ashafa da sandarsa ta ran nan, lafiya lau. Aka kwance lauya da wuƙa, aka shiga zaure, wanda bai sami wuri ba ya hau katanga.

Alƙali ya ce, "Awakin wane ne?"

Baballe ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta malam, namu ne, amma duk mun damƙa su a hannun lauya."

"Kuna da ƙara a tsakaninku?"

"Ai mun yafe wa juna tun shuka na ƙarama."

Modu ya ce haka ne. Mutumin Agyaragu ya ce shi da ɗan'uwansa ciki ɗaya, ba su taɓa faɗa ba. Kaka Fatsuma ta ce yanzun nan ta huce.

Alƙali ya juya ga Ashafa ya ce ya faɗi ƙararsa. Tsoho ya yi ɗan tari, ya ce shi ya tsufa, magana na ba shi wuya, yana son wakili. Ya nuna Kalilu da sanda.

"Wancan nake so. An ce ɓarnar dabbobi fanninsa ne."

Kalilu ya dubi ƙofa, ya hango Mahmuda tsaye, hannu shuɗi har gwiwar hannu. Ya dubi gona, dawa saura kaɗan a sa mata lauje. Ga shari'a a gaban alƙali, ga shaidu gari guda, ga gaskiya tsirara a gefen mai ƙara. Irin wannan ba ta zuwa sau biyu.

Ya miƙe, ya kakkaɓe baƙar riga, ya gyara hular da babu.

"Allah ya gafarta malam, dubi wannan dattijo. Da guminsa ya shuka waken nan, bayan ya tashi daga ciwon da ni na san yadda aka yi ya warke. Shin akuya ce ta cuce shi? Akuya ba ta da hankali. Shin masu awaki ne? Suna gonakinsu. To wa ya rage?"

Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Wanda igiya ke hannunsa."

Baballe daga baya ya ce, "A ƙugu take."

Kalilu ya ce, "Wannan ya fi muni. Mai riƙewa a hannu yana iya saki. Wanda ya ɗaura a ƙugu, ya yi ƙulli uku, matarsa ta hana shi bai hanu ba, wannan ganganci ne. Irin wannan mutum, malam, in aka sassauta masa, gobe shanu zai jawo."

Ya yi ta yi, hannu biyu na aiki, har sai da alƙali ya rufe baki da hannun riga kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Hujja ta tsayu. Mai gona ya yi nasara."

Kalilu ya juya ya nuna wansa. "Yaya, ka ji da kunnenka. Na ci shari'a, dawa na tsaye."

Mahmuda ya ce, "Na ji. Zaure naka ne."

Alƙali ya ce, "Saura ramuwa. Wanda aka kayar, me ya mallaka da zai biya waken bawan Allah?"

Aka duba. Awaki ba nasa ba ne, zaure na gado ne, hula an cinye. Ashafa ya ce shi ba ya son tsananta wa lauyansa. Yana da fararen zannuwa na iyalinsa duka, da rigunansa, ga salla na tafe. Tunda ɗan gidan rini ne, ya rina masa su da hannunsa, a tashi lafiya.

Alƙali ya ce hukunci ke nan.

Washegari da hantsi marina ta cika kamar ana rabon nama. Kowa ya kwashe akuyarsa ta yi ƙiba, ya biyo ta nan don ya yi godiya. Kalilu ya naɗe hannun riga, ya kama muciyar da aka shafa wa mai, ya tsoma hannu cikin baba.

Mahmuda ya ce, "Ni dai ban tilasta ka ba. Lauyanka ne ya kawo ka."

"Ƙwararre ne, Yaya. Ba a tsira a hannunsa."

Baballe ya tuna wa jama'a alkawarin suna, nan take aka raɗa masa Lauyan Awaki, Kaka Fatsuma ta yi guɗa. Mahmuda ya ce, "To Lauyan Awaki, a nan ma sai ka zaɓi rumfa. Shuɗi za ka kama ko baƙi?"

Kalilu ya ce duka biyun ya iya.

Da Ashafa ya zo karɓar kaya ana jibi salla, ya warware babbar rigarsa, sai ga ta dabbare-dabbare kamar bayan zabuwa. Ya warware zane, haka. Tsoho ya soma laluben sandarsa.

Kalilu ya ja da baya kaɗan, ya goge shuɗin hannunsa a ƙirji, ya ce, "Baba, kada ka ɗauki doka a hannunka. Wannan ɓarna ce a fili. In ƙara za ka kai, ka san inda za ka sami lauyan da bai taɓa faɗuwa ba."

Nan na baro su, tsoho na bin sa suna zagaya karofi.